Alli da Majigi: Fasahar Zamani da Koyar da Lissafi a Makarantunmu na Sakandare

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a zaman da aka keɓe wa harkar ilimi

  



Ina godiya ga kwamitin ilimi da ya ga dacewar a ba ni wannan dama, alhali akwai waɗanda suka fi ni sani a cikin zauren nan. An umarce ni in yi magana a kan yadda za a yi amfani da fasahar zamani wajen koyar da lissafi a makarantunmu na sakandare. Dalilin zaɓen wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Kusan duk lokacin da aka zauna zancen abin da za mu yi wa makarantun gida, shawarar da ta fi saurin samun tafi ita ce a gina ɗakin kwamfuta, a cika shi da na'urori, a gayyaci manyan baƙi su yanke ƙyalle. Niyya ce kyakkyawa, Allah ya saka wa masu ita. Sai dai kafin a buɗe asusu, ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: shin wannan ɗaki zai ƙara yawan yaranmu da ke cin lissafi? Amsata ita ce ba lallai ba ne, kuma akwai hanyar da ta fi shi sauƙin kuɗi da yawan amfani. Wannan nake so in shimfiɗa a gabanku.

Abin da ke kan faifai

Duk wanda ya taɓa nema wa ƙaninsa ko 'yarsa gurbin karatu ya san matsayin kiredit a lissafi. Babu likitanci, babu injiniya, babu haɗa magunguna, babu akanta, babu tattalin arziki, babu kimiyyar kwamfuta ga wanda bai same shi ba. Gaskiya ne a shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta wannan sharaɗi ga masu neman fannonin adabi da harsuna, amma fannonin da muke kukan ba mu da isassun 'ya'ya a cikinsu, waɗanda asibitinmu da gonakinmu ke jira, suna nan a bayan wannan ƙofa. A shekarar 2024, kimanin kashi 72 cikin ɗari na ɗaliban makarantu da suka zauna jarrabawar WAEC a Nijeriya ne suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi. A 2025, bayan hukumar ta sake duba sakamakon, adadin ya tsaya a kimanin kashi 63. Wannan lissafin ƙasa baki ɗaya ne, an cuɗa makarantun kuɗi na Legas da Abuja da makarantar ƙauye mai malamin lissafi guda. Adadin da ya shafe mu yana cikin durowar shugabannin makarantunmu, kuma ina roƙon a riƙa karanta mana shi a wannan taro kowace shekara, kamar yadda ma'aji ke karanta kuɗin shiga da na fita.

Ita kanta jarrabawar ta sauya kama. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, yanzu kuma tambayoyi 180 ake yi cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai. A farkon 2024 ita ma WAEC ta fara gudanar da jarrabawa ta kwamfuta ga masu zaman kansu. Saboda haka yaron da bai taɓa ɗora hannu a kan na'ura ba sai ranar jarrabawa, an cuce shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta samar wa yara kwamfutocin da za su saba da su, kuma ba na musun ta. Amma a lura, sabo da na'ura abu ne daban, fahimtar lissafi kuma abu ne daban. Yaron da ya iya danna maɓalli cikin sauri, idan bai san yadda ake warware tambaya ba, abin da ya ƙaru da shi kawai shi ne saurin zaɓen amsar da ba daidai ba.

Abin da wasu suka gwada kafin mu

A shekarar 2005 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin bai wa kowane yaro a ƙasashe masu tasowa ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka mai rahusa. Har Nijeriya an gwada shirin a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja cikin 2007. Ƙasar Peru ta rungumi abin hannu bibbiyu, ta sayi kwamfutoci sama da 800,000. Daga baya masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka bi makarantun firamare 319 na karkara, suka kwatanta waɗanda aka bai wa na'urorin da waɗanda ba a bai wa ba. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna cewa bayan wata 15 yaran sun ƙware da sarrafa kwamfuta, amma a jarrabawar lissafi da ta harshe babu wani bambanci tsakaninsu da takwarorinsu. A 2015 kuma ƙungiyar OECD, wadda ta ƙunshi galibin ƙasashe masu arziki, ta fitar da rahoto cewa ƙasashen da suka zuba maƙudan kuɗi wajen sa kwamfuta a makarantu ba su ga wani ci gaba na a zo a gani ba a lissafi ko karatu ko kimiyya. Idan masu wuta dare da rana sun ga haka, ina ga mu?

To amma akwai ɗaya gefen. A birnin Delhi na Indiya, tsakanin 2015 da 2016, an gwada wata manhajar kwamfuta mai suna Mindspark a kan ɗalibai 619 'yan makarantun gwamnati, masu shekarun 'yan ƙaramar sakandarenmu. An yi ƙuri'a, rabi suka sami shiga, rabi ba su samu ba. Masu shiga kan je bayan an tashi makaranta, su yi minti 45 a gaban na'ura, minti 45 tare da mai koyarwa. Cikin wata huɗu da rabi, ci gaban da suka samu a lissafi ya kai ninki biyu na waɗanda ba su shiga ba. Sirrin ba a cikin ƙyalƙyalin na'urar yake ba. Manhajar kan fara auna yaro ta gano ainihin inda iliminsa ya tsaya, sa'an nan ta ba shi aiki daidai da wannan matsayi. Da aka auna, sai aka tarar ɗan aji shida yana baya da kimanin aji biyu da rabi a lissafi, ɗan aji tara kuma yana baya da kimanin aji huɗu da rabi.

Malaman da ke cikin zauren nan sun san wannan ba labarin Indiya kaɗai ba ne. Yaro ya shigo babbar sakandare bai iya tara rabi da sulusi ba, ga malami da manhajar karatu a hannu ana jiran ya gama ta kafin ƙarshen zango, sai ya fara logaritim. Daga ranar yaron ya zama ɗan kallo a cikin ajinsa, har ya fita yana cewa shi Allah bai ba shi kan lissafi ba. Darasin da na ɗauka daga waɗannan gwaje-gwaje shi ne na'ura kan yi amfani idan an ba ta takamaiman aiki, an kuma ajiye mutum a kusa da ita. Idan aka zube ta kawai aka juya baya, takan zama kayan ado.

Inda allo ya gaza

Bari in sauko cikin aji, domin a nan maganar take. Akwai darussa a manhajar lissafi ta babbar sakandare da alli da allo suka ishe su, kuma babu abin da zai maye gurbin yaro ya zauna da biro ya warware tambaya ashirin da hannunsa. Akwai kuma waɗanda wahalarsu ta samo asali daga cewa abin da ake bayani motsi ne, alhali zanen allo a tsaye yake. A irin waɗannan ne majigi da kwamfuta guda ɗaya a hannun malami ke yin abin da shekara goma ta ihu ba za ta yi ba.

Akwai wata manhaja mai suna GeoGebra, wadda wani ɗalibi, Markus Hohenwarter, ya fara ƙirƙira a jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya a farkon shekarun 2000. Malamai da ɗalibai na amfani da ita kyauta, kuma da zarar an sauke ta a kwamfuta ko waya tana aiki ba tare da intanet ba. Mu ɗauki y = x² − 4x + 3. A yadda aka koya wa yawancinmu, malami zai zana jadawali, ya cike lambobi, ya ɗiga maki, ya ja lanƙwasa, kafin ya gama zane ɗaya an kusa kaɗa ƙararrawa. Da wannan manhaja, zanen kan fito nan take, yara su ga lanƙwasar ta ratsa layin kwance a 1 da 3. Sai malami ya ce, “Wa zai faɗa mini abin da zai faru idan 3 ɗin nan ta koma 4?” Ya bar su su yi gardama, kowa ya rubuta hasashensa. Sa'an nan ya ja lambar a hankali, lanƙwasar ta ɗaga sama, maki biyun su matso juna har su haɗe a 2. Ya ƙara ja zuwa 5, lanƙwasar ta rabu da layin gaba ɗaya. Yanzu idan ya rubuta b² − 4ac ya nuna musu ya ba da 4, sa'an nan 0, sa'an nan −4, yaro ya ga da idonsa abin da ake nufi da amsa biyu, da amsa ɗaya, da babu amsa. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Amma a lura da inda albarkar take: a cikin tambayar da malami ya yi kafin ya ja lambar. In da ya kunna ya bar su suna kallo kawai, da sinima aka yi.

Haka nan ƙa'idojin da'ira, waɗanda ba sa ɓacewa daga takardar WAEC. Ana gaya wa yaro kusurwar da ke tsakiyar da'ira ninki biyu ce ta wadda ke bakin da'ira idan baka ɗaya suke fuskanta. Ya haddace, ya ga zane ɗaya a littafi, ranar jarrabawa a juya zanen a kife, ya rasa gane shi. A kan majigi, malami zai kama ɗigon da ke bakin da'irar ya zagaya da shi, siffar na ta sauyawa, amma lambobin na nan: 80 a tsakiya, 40 a baki. Ya buɗa ta tsakiyar zuwa 180, ta bakin ta koma 90, sai ga wata ƙa'idar da ake haddacewa daban ta fito da kanta daga cikin ta farko.

Darasin layukan duniya, wato latitud da longitud, ya fi kowanne ba ɗalibai tsoro, saboda ana zana ƙwallo a kan shimfiɗaɗɗen allo ana cewa su hango cikinsa. Ga shi kuwa misalan suna ƙofar gidanmu. Kano tana wajen digiri 12 arewa, Kalaba tana wajen digiri 5 arewa, kuma kusan a kan layin tsaye ɗaya suke, tsakanin digiri 8 da 9 gabas. Bambancinsu digiri 7 ne. Idan aka ɗauki rabin faɗin duniya a matsayin kilomita 6,400 kamar yadda ake bayarwa a jarrabawa, lissafi zai ba da kimanin kilomita 780. Injamena ta ƙasar Chadi kuwa kusan a kan layin kwance ɗaya take da Kano, tana wajen digiri 15 gabas, bambancinsu kimanin digiri 6 da rabi. A nan dole a shigo da kosain na digiri 12, domin da'irar da ta ratsa biranen biyu ta fi ta tsakiyar duniya ƙanƙanta, amsa ta fito kimanin kilomita 710. Idan yara suka gama lissafi da hannu, malami ya buɗe taswirar duniya ta kwamfuta, ya juya ƙwallon a gabansu, ya auna tazarar, suka ga ta yi daidai da abin da ke cikin littafinsu, to ranar sun yarda lissafi ba tatsuniya ba ne.

Kada wani ya ɗauka koyar da lissafi ta hanyar zane baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza, wanda kuma daga sunan littafinsa na wajen shekarar 820 aka samo kalmar aljabara, da zane ya tabbatar da hanyarsa. Shahararren misalinsa, a rubutun yau, shi ne x² + 10x = 39. A ɗauka fili ne murabba'i da ba a san tsawon gefensa ba. A manna masa filaye biyu masu faɗin 5 a gefe biyu, jimilla ta zama 39. Sai a ga saura lungu ɗaya mai 5 sau 5 kafin ya cika babban murabba'i. A cike shi, 39 da 25 sun zama 64, gefen babban fili 8 ke nan, a cire 5, saura 3. Wannan shi ne abin da ake koya wa 'yan aji biyu da sunan cika murabba'i, akasari ba tare da an taɓa nuna musu murabba'in ba. Babban kaso na littafin nasa ma a kan lissafin gado da wasiyya yake. Daga nan ƙasar Hausa kuma, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ya rubuta littafi a 1732 kan jadawalin lambobin da kowane layi nasa ke ba da jimilla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Na kawo wannan ne saboda masu cewa lissafi ba namu ba ne.

Wayar da ke aljihu

Muna ta zancen sayen kwamfuta, alhali wata fasahar ta riga mu shiga gidajen garinmu ba tare da neman izinin kowa ba. Akwai manhajar waya mai suna Photomath, wadda ta fito a 2014: yaro ya ɗauki hoton tambaya, ta fito masa da amsa mataki-mataki. Tun ƙarshen 2022 kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda ake yi wa tambaya da magana su amsa. Iyaye su sani, aikin gida da ya dawo tsaf babu kuskure ba ya nufin abin da yake nufi a zamaninmu.

An gwada wannan a ƙasar Turkiyya a 2023, a kan ɗaliban sakandare kusan 1,000, a darasin lissafi. Waɗanda aka sake wa manhajar ba linzami sun fi saura da kashi 48 cikin ɗari a lokacin atisaye. Da aka karɓe ta aka ba su jarrabawa, sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17. Rukunin da aka saita wa manhajar ta riƙa ba da haske kaɗan-kaɗan ba tare da faɗin amsa ba, su ba a ga wannan koma-baya a wurinsu ba. Wato na farkon sun ari ƙwaƙwalwa ne, mai abu ya karɓi abinsa a ƙofar ɗakin jarrabawa. Magani a wurinmu ba hana waya ba ne, don ba za mu iya ba. Malami ya riƙa kiran yaro gaban allo ya maimaita abin da ya rubuta a gida, ya kuma yawaita ƙananan gwaje-gwaje a cikin aji inda babu waya.

Ita wannan waya tana da alherinta. Akwai dubban darussan bidiyo na Khan Academy, kuma akwai manhajar Kolibri da ke ba da damar a ajiye irinsu a kwamfuta ɗaya, wasu na'urorin su ɗauka daga gare ta ba tare da intanet ba. Matsalarsu ita ce Turancin Amurka ne, wanda ko ɗan jami'a sai ya kasa kunne sosai. Abin da ya fi mini shi ne malaminmu na gida ya kafa waya a kan allo ko takarda, ya warware tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO cikin minti bakwai ko takwas, yana bayani da Hausa, yana riƙe kalmomin fannin da Turanci yadda za su zo a jarrabawa. Hanyar yaɗa su tana nan a shirye: shagunan da ake tura fina-finai da wa'azi a waya, da katin ajiya da ke yawo hannu zuwa hannu. Wannan zai fi amfanar 'yan mata, waɗanda da yawansu ba a bari su fita darasin yamma, amma za su iya aron wayar uwa ko yaya bayan sallar isha'i.

Ga kuma wani abu da ya shafe ku kai tsaye, ku mazauna birane. Lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, an yi gwaji a ƙasar Botswana a gidaje kimanin 4,500. Wasu ana aika musu da tambayoyin lissafi ta saƙon tes duk mako, wasu kuma bayan saƙon ana kiran su a waya na minti 15 zuwa 20 a bi tambayoyin tare da yaro. Saƙo kaɗai bai yi wani tasiri mai ɗorewa ba, amma saƙo haɗe da kira ya ɗaga ƙwazon yaran. 'Yan firamare ne aka yi wa, kuma tarawa da ɗebewa da sau da rabawa aka koyar, amma ai waɗannan su ne ramukan da 'yan ƙaramar sakandarenmu ke faɗawa. Injiniyoyi nawa, akantoci nawa, ɗaliban jami'a nawa ke cikin rassanmu na Kano da Kaduna da Abuja da Legas? Idan kowanne ya ɗauki yara biyu, da iznin iyayensu da sanin malaminsu, ya kira su minti 20 duk Asabar, wannan gudummawa ce da ba ta buƙatar bulo ko ɗaya, ko ƙaramar waya mai tocila ta isa.

Ina ya kamata kuɗin ya tafi

Mu yi ɗan lissafi, tunda zancensa muke. Kwamfutar tebur da allonta kan ci wajen wat 150. Guda 40 sun kai wat 6,000, ban da fankoki. Wannan aikin babban janareta ne ko sola mai tsadar gaske, kuma wanda ya ba da kyautar ba shi ne zai riƙa sayen mai ba. Mun sha ganin yadda irin wannan ke ƙarewa a wurare da dama: ɗaki a kulle, na'urori lulluɓe da leda, ƙurar hunturu ta yi musu rawani, mabuɗi na aljihun wanda ke tsoron kada wani abu ya ɓace a tambaye shi. Kwamfutar tafi-da-gidanka guda da majigi guda kuwa ba su wuce 'yan ɗaruruwan wat ba, faifan sola kaɗan da batir sun riƙe su, kuma duk ajin da ya shigo ɗakin ya amfana. A sami aji ɗaya a kowace makaranta, a gyara rufinsa, a sa masa ƙofa da tagogin ƙarfe da labule mai duhu, a shafe bango ɗaya da farin fenti, a bar baƙin allo a gefensa, a kira shi ɗakin lissafi. Idan kuɗi ya ragu, a ƙara 'yan na'urori goma ko sha biyar da yara za su riƙa karɓa-karɓa a kansu don cike giɓin baya da kuma sabo da jarrabawar kwamfuta.

Kaso mafi tsoka, a ganina, malami ya kamata ya ci shi. Majigi a hannun wanda bai fahimci darasin ba ƙara girman ruɗani kawai zai yi a bango. Kuma a faɗi gaskiya, a makarantu da yawa wanda ke koyar da lissafi ba shi ya karanta ba, an ba shi ne don babu wani, ko kuma ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara. Horon kwana uku a otal da takardar shaida da kuɗin mota ba ya sauya komai. Abin da ke sauyawa shi ne malaman lissafi na dukkan makarantun gundumar nan su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, ɗaya ya koyar da darasi da majigi a gaban 'yan uwansa, su yi masa gyara, kowa ya koma da darasin a cikin na'urarsa. Ƙungiya ta ɗauki nauyin abinci da kuɗin mota, ta kuma nemo mai jagora. Ba mu rasa inda za mu ƙwanƙwasa ba: akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da aka kafa a 1988, tana Sheda a yankin Kwali na Abuja, akwai Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, akwai sassan lissafi na kwalejojin ilimi da jami'o'in da ke kusa da mu, inda wasu 'ya'yan garin nan ke koyarwa.

Ranka ya daɗe Shugaban taro, akwai sharuɗɗa biyu da nake roƙon a rubuta a cikin duk yarjejeniyar da za a yi da makaranta. Na farko, kwamfutar ta zauna a hannun malamin lissafi, ya tafi da ita gida ya shirya darasi, idan an yi masa canjin wurin aiki ya miƙa ta ga magajinsa a gaban shugaban makaranta da wakilin ƙungiyar iyaye da malamai. Na biyu, kafin a sauke ko da waya ɗaya, a yi wa dukkan 'yan aji ɗaya na babbar sakandare gwajin lissafi na tushe, a ajiye takardun, a maimaita irinsa a ƙarshen shekara. Haka nan a ware wani abu daga kuɗin tun farko don sauya batir da gyaran majigi, a damƙa shi ga reshen gida, tunda su ne ke kusa idan abu ya lalace. Takardun gwajin nan biyu su nake fatan kwamitin ilimi ya ɗora a kan teburin nan a taron baɗi, idan Allah ya kai mu.